Lokacin da Ogunde Ke Zuwa Gari

An yi zamani a ƙasar nan da wasan kwaikwayo a mota yake zuwa gari, da ƙurarsa da gangunansa. Tun da hantsi za a ga babbar mota ta tsaya a gaban ɗakin taro ko farfajiyar wata makaranta, an lafta mata akwatuna da katako da naɗaɗɗun labulaye, maza da mata na saukowa suna miƙa. Kafin azahar an manne bangaye da turakun lantarki da takardun talla. Da la'asar sakaliya motar ta sake fitowa, makaɗa a bayanta, lasifika a kanta, tana zaga unguwa-unguwa yara na bin ta a guje. Kowa ya ji da kunnensa cewa yau akwai wasa. Bayan isha a tayar da janareta, a kafa tebur a bakin ƙofa, a shiga yankan tikiti. Washegari kafin rana ta ɗaga sun naɗe kayansu sun yi gaba.

Yarbawa ne suka mayar da wannan yawo sana'a, wanda kuma ya share musu hanya shi ne Hubert Ogunde. Shekara fiye da 30 ya yi yana wasan daɓe kafin ya taɓa kyamara. Ya shiga harkar fim yana da shekara 63, ya yi finafinai huɗu nasa na kansa, kuma da su ne akasarin 'yan baya suka san sunansa. Ni dai a ganina girman mutumin a kan dandamali yake. Fim ya zo masa ne da yamma, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ci ribarsa, amma ya biya wani farashi da ba a cika magana a kansa ba.

A 1916 aka haife shi a Ososa, wani ƙaramin gari kusa da Ijebu-Ode. Mahaifinsa mai hidimar cocin Baftis ne, kakansa na wajen uwa kuma bokan Ifa ne, irin waɗanda Yarbawa ke kira babalawo. Yaron ya tashi yana jin waƙoƙin coci da safe, da dare yana jin kirarin Ifa da ganguna. Ya kuma ga 'yan alarinjo, masu wasan dodanni da ke yawo gari-gari tun zamanin daular Oyo. Duk abin da ya yi daga baya, daga waɗannan gidaje biyu ya ɗebo shi. Ya yi koyarwa a makarantar firamare, yana kaɗa ogan a coci, sannan a 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Aikin ne ya kai shi Ikko, wato Legas, unguwar Ebute-Metta, inda ya shiga wata cocin Aladura. Cocin na neman kuɗin gini, sai aka ce ɗan sandan nan mai waƙa ya shirya wani abu da za a nuna a tara gudummawa.

Abin da ya shirya shi ne labarin Adamu da Hawwa'u a gidan Aljanna, da waƙa da rawa da gangunan Yarbawa, aka nuna a Glover Memorial Hall a watan Yunin 1944, Nnamdi Azikiwe na shugabantar taron. Jama'a suka yi ta tafi. Ba a jima ba ya tuɓe kakin, ya kafa ƙungiyarsa mai suna African Music Research Party a 1945, ya ce daga yau da wasa zai ci abinci. A wancan lokaci wannan magana ce ta wanda ake ganin ya zautu. Mutum ya bar albashin gwamnati da fansho ya koma rawa! Ya sa talla a jarida yana neman 'yan mata da za a biya su yi wasa, abin da ba a saba ji ba. Iyaye suka ƙi sakin 'ya'yansu, waɗanda suka zo kuma da sun yi aure sai mazansu su hana su fita. Maganin da Ogunde ya samo shi ne ya auri 'yan wasansa. Haka ƙungiyar ta zama gida guda: matansa ne taurari, 'ya'yansa ne masu rawa da kiɗa da tsaron ƙofa. Ana iya faɗin abubuwa da yawa game da wannan tsari, amma shi ne ya riƙe ƙungiyar shekara 45 ba ta watse ba, alhali takwarorinta da yawa da maigida ya yi rauni ake rabuwa.

Da wuri ya bar labaran Littafi Mai Tsarki ya waiwayo kan abin da ke damun mutane. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan, 'yan reluwe a gaba, suka yi yajin aikin da ya haura kwana 40 saboda tsadar rayuwa bayan yaƙin Hitila. Kafin ƙurar ta lafa Ogunde ya fito da Strike and Hunger, wasa a kan yajin aiki da yunwa. Sai Tiger's Empire a 1946, wanda ya caccaki mulkin mallaka. Da ya hau da wasanninsa Jos a wannan shekarar, garin kuza mai cike da leburori, 'yan sanda suka tsayar da wasa, aka kai shi kotu aka ci shi tara. Jaridun 'yan kishin ƙasa na Ikko suka ɗauki maganar, jama'a suka yi karo-karo don taya shi biya. Wanda jiya yake sanye da kakin Sarkin Ingila, yau abokan aikinsa ne ke kama shi.

Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley, Inugu, suka kashe mutum 21. Ogunde ya mayar da abin wasa, ya sa masa suna Bread and Bullet, burodi da harsashi ke nan. A 1951 ya kawo shi Kano. Hukuma ta hana nunawa, aka kama shi da zargin ingiza jama'a su bijire wa gwamnati. Zargin bai tsaya a kotu ba, sai aka ɓige da cin sa tara saboda manna takardun talla ba da izini ba. Duk wanda ya san Kanon wannan lokaci zai gane abin da ya tsorata Razdan da 'yan En'e. Watanni kaɗan kafin nan, a Agustan 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU. Malam Aminu Kano kansa marubucin wasan kwaikwayo ne, ya san yadda ake sa talaka ya yi dariya ya kuma koma gida yana tunani. Ga kuma wani Bayarabe ya zo da mota cike da ganguna zai nuna wa leburorin Sabon Gari yadda aka harbe 'yan'uwansu don sun nemi haƙƙinsu. Masu mulki sun fahimci ƙarfin wasan daɓe tun kafin malaman jami'a su fara rubutu a kansa.

Bai tsaya a siyasa kaɗai ba, don ciki ba ya jiran 'yancin kai. A 1947 ya je Ingila da matarsa Adeshewa suka koyo rawar zamani, ya dawo da saksofon, wato algaitar Turawa, ya cusa ta cikin kiɗansa. Ya je Gana, wadda ake kira Gold Coast a lokacin, zuwan farko aka yi asara don mutane ba sa jin Yarbanci. Ya koma gida ya sake shiri, ya ƙara kiɗa da rawa da Turancin kasuwa, ya dawo ya cika ɗakuna. Wannan hali na sauraron 'yan kallo, a ba su abin da zai zaunar da su ba tare da an zubar da mutunci ba, shi ne jarinsa har ya mutu.

Wasan da ya fi jawo masa suna da wahala shi ne Yoruba Ronu na 1964, kira ga Yarbawa su yi tunani. Labarin wani sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. Babu wanda ke bukatar a fassara masa: Cif Awolowo na kurkuku, Cif Akintola na kan kujerar Firimiyan Jihar Yamma. A Ibadan aka nuna shi Akintola na zaune a sahun gaba, wasa bai kai ƙarshe ba ya miƙe ya fita da mutanensa. Aka haramta wa Ogunde wasa a duk faɗin Jihar Yamma, aka cire waƙoƙinsa daga rediyo da talabijin na jihar. An raba mutum da babbar kasuwarsa ke nan, ga iyali masu yawa da ke jiran tukunya. Martaninsa wani wasan ne, Otito Koro, gaskiya ɗaci gare ta. Mu a Arewa muna da namu karatun wannan zamani, domin Akintola aminin Sardauna ne, kuma dare ɗaya aka kashe su, 15 ga Janairun 1966. Ba sai mutum ya bi ra'ayin siyasar Ogunde ba kafin ya jinjina wa ɗan wasan da ya dubi Firimiya ido da ido ya faɗi abin da ke ransa, ya kuma ɗauki hukuncin shekara biyu bai je ya durƙusa ba. Gwamnan soja Adekunle Fajuyi ne ya ɗage haramcin a 1966. Shekara guda bayan nan ƙungiyar ta wakilci Nijeriya a baje kolin duniya na Montreal a Kanada, ta biya ta Amurka ta yi wasa a gidan wasa na Apollo da ke Harlem.

Na riski Ogunde a ƙarshen wannan zamani, ina yaro a Kano cikin shekarun 1970. A gidajenmu zuwa silima ko gidan wasa abin kunya ne, wanda aka gani a can sunansa ɗan iska, kuma manya ba su manta da gobarar silimar El Duniya ta 1951 da ta ci ɗaruruwan rayuka ba. Amma muna da maƙwabci Bayarabe, tela, dattijo mai yawan sallah wanda duk unguwa Baba ake ce masa, kuma idan shi ya ce zai tafi da yaro tare da 'ya'yansa, iyaye ba sa musu. Ta hannunsa na shiga ɗakin da Ogunde ke wasa a Sabon Gari.

Ba na jin Yarbanci sai gaisuwa. Ɗan Baba ne ke raɗa mini abin da ake ciki, shi ma in dariya ta ci ƙarfinsa sai ya manta da ni. Duk da haka ban ji an bar ni a baya ba. Kafin a fara labari akwai buɗe fage: ganguna su ɗauka, labule ya buɗe, mata su fito a jere da shiga iri ɗaya, duwatsun wuya da na hannu suna ƙyalli a hasken fitila, ƙafafunsu na sauka tare. Sai shi ya fito. Dogo ne, kyakkyawa, da murmushin da ke kai wa har kujerar ƙarshe, muryarsa kuwa ba ta bukatar lasifika. Ɗakin nan ya ɗauki sowa. Teloli da direbobi da masu gyaran agogo da matan da ke sayar da atamfa a kasuwa, mutanen da suka shekara da shekaru rabonsu da garuruwansu, a daren nan gida ne ya zo ya same su. Na ga tsohuwa tana share hawaye tun ba a fara komai ba, waƙar buɗewa kawai ake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda 'yan kallo ke cikin wasan tsundum. In mugu ya fito a yi masa ihu, in zai yaudari wata mata sai ka ji ana gargaɗinta daga cikin jama'a, in waƙa ta yi daɗi a hau dandamali a yi liƙi. 'Yan wasan kuma suna amsawa. Babu rubutaccen littafi da suke haddacewa kalma-kalma. Ogunde kan tsara ƙashin labari da waƙoƙi, a yi ta maimaitawa a gida har kowa ya san matsayinsa, sauran magana a bakin ɗan wasa take. Saboda haka wasan da aka yi a Zariya jiya ba shi ne daidai wanda za a yi a Kano yau ba. In farashin gari ya tashi a makon, zai shigo cikin zance. In wani babba ya yi abin kunya, za a yi masa habaici ba a kama suna ba, kowa kuma ya gane. Wannan shi ne abin da hukuma ba ta iya kamawa da hannu, shi ne kuma abin da fim ba ya iya ɗauka.

To me ya kai shi fim? Dalilan a fili suke. Jiki ya fara gajiya, kuma hanya ta riga ta yi masa babban rashi: a 1970 Adeshewa, tauraruwar ƙungiyar kuma abokiyar tafiyarsa tun farko, ta rasu a haɗarin mota. Ɗaukar mutum da yawa a bayan mota daga Ikko zuwa Maiduguri, a ciyar da su, a kwantar da su, abu ne mai cin kuɗi da lafiya. Talabijin, wadda aka fara a Ibadan tun 1959, ta koya wa mutane kallon wasa suna zaune a ɗaki. Kuɗin man fetur sun shigo, naira ta fi dala daraja, ana iya sayo fim ɗin ɗauka daga waje a kai Landan a wanke ba tare da an karye ba. Sannan ga misali a gabansa. A 1976 Ola Balogun, wanda ya karanci fim a Faransa, ya haɗa kai da Duro Ladipo da Ade Love suka yi Ajani Ogun da Yarbanci, mutane suka yi ta tururuwa. A karon farko fim ɗin gida ya ja da na Indiya da na kaboyi da na 'yan Sin masu faɗa a gidajen silima. Ogunde ya ga cewa 'yan kallon da ya yi shekara 30 yana tarawa a shirye suke su biya don ganin fuskokin nan a kan allo.

Ya kira Ola Balogun ya ba da umarni, shi kuma ya kawo labari da 'yan wasa da kuɗi. A 1979 Aiye ya fito. Daga wani wasansa na daɓe aka ɗauko shi: gari ne da mayu suka addaba, suna taro da dare a kan wata babbar bishiya, shi kuma Ogunde ya fito a matsayin Osetura, bokan da ke tsaye tsakaninsu da jama'a. A dandamali, in aka ce mayya ta rikiɗa, sai dai a kashe fitila a canza mata kaya, ɗan kallo ya ƙarasa sauran da zuciyarsa. A fim kuwa sai ga mace ta zama tsuntsu a gaban idonka ta tashi sama. Na kalli Aiye, kuma ba zan manta da ƙarar da mata suka ƙwalla a wannan wuri ba. Bayan an tashi mutane a ƙungiya-ƙungiya suka riƙa tafiya gida, ba mai son ya bi lungu shi kaɗai. Mu Hausawan da ke ciki ba mu bukaci tafinta ba, domin labarin maita da kamun kurwa da shi aka raine mu, ko da malamai na tsawatar mana a kai. Waƙe-waƙen da ke katse labari ma ba su dame mu ba, mutanen da suka tashi da finafinan Indiya.

Fim ɗin ya kawo kuɗin da wasan daɓe bai taɓa kawowa ba. Jaiyesimi ya biyo baya a 1980, ci gaban labarin Aiye, wannan karon Ogunde da kansa ya ba da umarni tare da Freddie Goode. Sai Aropin N'Tenia a 1982, sai Ayanmo a 1988, su ma tsofaffin wasanninsa ne ya sake musu riga. Ya koma mahaifarsa Ososa ya gina ƙauyen shirya fim, da fada da bukkoki da dandali, don kada ya riƙa roƙon wurin ɗauka.

Yadda ya sayar da finafinan nan ya isa a tsaya a duba. Bai miƙa su ga dillalan silima ya koma gida yana jiran lissafi ba. Hanyar da ya sani ya bi. A fara nunawa a babban ɗakin National Theatre da ke Iganmu, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, daga nan a loda gwangwanayen fim da majigi da allo a mota a shiga ƙasa, garin da aka saba zuwa, ɗakin da aka saba kamawa, ɗan gida na zaune a bakin ƙofa yana yankan tikiti. Motar ta yi sauƙi, ana kuma iya aika wata gabas wata ta yi yamma a dare guda. Ya yi hakan ne don ya san abin da ke jiran mai sakaci. Moses Olaiya, wato Baba Sala, ya ci bashi mai nauyi ya yi Orun Mooru a 1982, ɓarayin fasaha suka kwafe shi a kaset suka baza kasuwa, mutumin ya shekara da shekaru bai farfaɗo ba.

A nan ne bambancinsa da namu na Arewa yake fitowa. Mu ma mun bi wannan hanya daga daɓe zuwa allo. Littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan daɓe, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina shi ma wasa ne kafin Brendan Shehu ya mayar da shi fim a 1992. Muna da gwanaye irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, waɗanda ba su gaza kowa ba a iya wasa. Sai dai namu a inuwar gwamnati suka girma, gidan rediyo da talabijin na Kaduna da hukumomin al'adu, in kasafi ya tsaya aiki ya tsaya. Ogunde kuwa ubangidansa shi ne mai sayen tikiti. Ya san shi, ya san garinsa, ya san ranar da ake biyan albashi a can.

Amma akwai abin da ya faɗi a hanya tsakanin dandamali da allo, kuma shi ne ke sa ni kewa. Mutumin da ya yi Strike and Hunger da Bread and Bullet da Yoruba Ronu, da ya samu kyamara bai juya ta kan masu mulki ba. Ya juya ta kan mayu da ƙaddara da rikicin fada na zamanin da. Ban ɗauki wannan a matsayin tsoro ba, wanda ya tsaya gaban Razdan da Firimiya ba a koya masa ƙarfin hali. Yanayin sana'ar ne. Wasan daɓe in an hana shi yau, gobe ka sake masa suna ka tsallaka wata jiha. Fim kuwa dukiya ce mai yawa a cikin gwangwani, sai ya bi ta gaban masu tacewa, in suka riƙe shi gida ya rushe. Kuma abin da aka ɗauka ya ɗauku, ba ya jin ihun 'yan kallo balle ya amsa. Mutane sun ci gaba da yi wa allo magana, suna gargaɗin wadda za a cuta, amma Osetura na kan allo ba ya juyowa ya yi musu murmushi. Masu sukar fim sun ce kyamararsa takan tsaya wuri guda kamar ɗan kallo a sahun gaba, 'yan wasan kuma suna buɗe murya da hannuwa kamar za su kai wa kujerar ƙarshe. Gaskiya ne, ni kuwa wannan ne ma nake so a finafinan, domin ta nan kaɗai ake iya hango yadda wasan yake a da. Wasu kuma sun ɗora masa alhakin buɗe ƙofar finafinan tsafi da suka cika kasuwa daga baya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai shi a wurinsa duniyar kakansa ce yake nunawa da girmamawa da tsari, mugunta kuma ba ta taɓa yin nasara a ƙarshen labarinsa.

Zamanin bai daɗe ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta zube, kuɗin sayo fim da wanke shi a Landan ya gagari kowa. 'Yan fashi suka sa fitar dare ta zama kasada, gidajen silima suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma coci, wasu rumbun ajiya. A Kano tsohuwar silimar Palace asibiti ta zama. A wannan shekarar ta 1986 aka ɗora wa Ogunde aikin kafa ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya zagaya jihohi ya zaɓo matasa masu rawa da kiɗa daga kowace ƙabila, ya kai su Ososa ya horar. Jami'o'in Ife da Legas sun ba shi digirin girmamawa, mutumin da karatunsa na aji bai wuce firamare ba.

Aikinsa na ƙarshe a Arewa ya yi shi. Bruce Beresford, darakta ɗan Ostireliya, ya zo ɗaukar Mister Johnson, daga littafin Joyce Cary na 1939, wani Bature da ya yi aikin mulki a Borgu. Littafin nan ne Chinua Achebe ya sha faɗin cewa yadda ya siffanta ɗan Afirka ya ɓata masa rai har ya ƙara masa azamar rubuta nasa. A wajen Toro aka yi ɗaukar, ƙasar Bauchi kusa da Jos, da Pierce Brosnan da Edward Woodward da Maynard Eziashi, wanda rawar da ya taka ta ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Berlin a 1991. Ogunde ya fito a matsayin Brimah, ƙaramin matsayi ga mutum irinsa, amma ya karɓa don yana son ya ga yadda manyan kamfanonin waje ke aiki, yana da shekara 73 yana neman ƙarin sani. Rashin lafiya ta kama shi a wannan tsakani. Ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 4 ga Afrilun 1990.

A shekarar da ya rasu ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, su ma 'yan wasan daɓe, suka fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Shekara biyu bayan nan Living in Bondage ya fito a Kudu. Daga nan kallo ya koma cikin ɗaki, kowa da akwatinsa, yau kuma kowa da wayarsa. 'Yan Kannywood da Nollywood da yawa ba su taɓa ganin fim ɗin Ogunde ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba, domin ya riƙe su gam saboda tsoron ɓarayi, iyalinsa ma suka ci gaba da riƙewa. A 2015 sun mayar da gidansa na Ososa gidan tarihi, da tufafin wasa da ganguna da hotuna. Wasanninsa na daɓe fiye da 50 kuwa, in ban da waƙoƙin da aka ɗauka a faifan garmaho da abin da Ebun Clark ta tattara a littafinta a kansa, sun tafi tare da waɗanda suka yi su.

Finafinan huɗu su ne za a iya cetowa, kuma an ga misalin yadda ake yi. Shehu Umar ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai aka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar finafinai a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a Berlin a 2018. Ina fatan a yi wa Aiye da 'yan'uwansa irin wannan gata tun fim ɗin bai ruɓe ba, a sa musu fassarar Hausa a ƙasan allo, a kawo su Kano da Jos da Kaduna a nuna a babban ɗaki, inda jikokin telolin Sabon Gari da jikokin maƙwabtansu za su zauna a benci ɗaya su kalla.